Ƙwan Tsutsotsin da Tilly Ta Bar Min

Molong, 20 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Kerryn,

Ina gaishe ki gaisuwar uwar da ta yi wata takwas ba ta ga fuskar 'yarta ba. Ina fata zafin Darwin bai gallabe ku ba, ke da Hamish da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba Fergus da tarin nan da na ji yana yi ta waya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi yarda cewa sanyi ya wuce. Gwaggonki Lurline ta fito daga asibiti, har ta fara faɗa da masu kai mata abinci, kin ga ke nan ta warke.

Na zaɓi wasiƙa ne domin a waya bakina ya fi hankalina sauri, kin kuwa gani ranar Talata. Da kika ce an canja miki ranakun aiki, hutun nan ba za ku zo ba, sai na ce to shi ke nan, na kashe waya. Ban kyauta ba, ki yafe min. Amma bari ki ji abin da ke gabana a lokacin.

Tun ƙarshen Agusta nake shirya wa yaran nan wurin koyo a ɗakin ɗinkina, gindin tagar arewa inda rana ke shigowa. Na yanke ƙafafun tsohon teburin shayin babanki, Allah ya ji ƙansa, don ya yi daidai da tsayin Fergus. Na jera 'ya'yan bishiyar turare, da sheƙar tsuntsun da iska ta kayar, da gashin tsuntsaye, da rawayen furen nan na bakin hanya a kwalbar jam, da wake a jiƙaƙƙiyar auduga don su ga yadda yake tsiro. Garin tsince-tsincen nan tsuntsun magpai ɗin bakin coci ya kawo min sara har sau biyu, dole na kifa robar askirim a kai kamar 'yar firamare. Lurline ta ce da ta gan ni da ta rantse ba ta san ni ba.

Kin tuna ƙwan tsutsar silikin da Tilly ta bar min a Janairu, manne a kwali biyu? Ta sa na ajiye su a firji kusa da man shanu, ta kuma maƙale ɗan yatsanta da nawa alamar alkawari, ta ce kada in bari su fito sai tana nan. To, Kerryn, ni da na shekara talatin ina koyar da 'yan aji ɗaya, na raini tsutsotsin nan ba adadi, ni ce na ciro kwali ɗaya na ɗora a teburin wai in ga ko zai yi kyau, na manta shi a cikin rana. Bayan kwana goma na leƙa, sai ga su sun ƙyanƙyashe birjik, baƙaƙe kamar guntayen zare. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ga shi itacen malberina ko toho bai yi ba, su kuwa ba sa cin wani ganye sai shi.

Haka na tattara kunyata na nufi gidan Merv maƙwabcina, wanda rabona da shi da magana tun da karensa ya kashe min kaza, domin tasa bishiyar na jikin bango, tana riga ta kowa ganye. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ashe akwai ranar da Malama za ta zo bara, baran ma na ganye. Na ce masa ya cika min leda ya rage surutu. Ya cika kuwa, kuma tun ranar kullum da safe nakan tarar da leda rataye a ƙofar shinge.

Yanzu tsutsotsin sun yi ƙiba, sun yi fari. Da rana in gidan ya yi tsit, ina jin ƙarar cinsu kamar yayyafi a kan kwano. Na ajiye ƙananan kujeru biyu a gaban teburin, ni kuma nakan zauna a ƙasa in yi ta yi musu bayanin da na tanada wa jikokina. Kewa ta dame ni, Kerryn, ba zan ɓoye miki ba. Nan da mako uku za su saƙe kansu cikin siliki, waken ya wuce bakin kwalba, furen ya bushe, babu yaron da ya gani. Tsutsotsin nake kallo lokacin da kika kira.

Kwali na biyu yana firji har yanzu, ban taɓa shi ba. Sai dai ƙwan nan ba ya jira har abada, in ya wuce Disamba da wuya ya ƙyanƙyashe. Daga fito da shi zuwa fitowarsu kwana goma ne. Don haka ba tsawon hutu nake roƙo ba, rana ɗaya tak nake so ki faɗa min, ranar da za ku iso, ko da kwana uku za ku yi. Ni zan lissafa baya in ciro su a kan lokaci. Kada ki gaya wa Tilly abin da ya faru da na farkon, ni na yi alkawarin, ni zan faɗa mata da bakina. Amma ina so in faɗa mata tana zaune a kujerar nan, tana kallon na biyun suna fitowa.

Ki gaida Hamish, ki ce na gode da hotunan. Ki shafa min kan Fergus, ki rungume min Tilly sosai. Lurline na gaishe ku, har Merv ya ce a gaida masu tsutsa.

Mai jiran ranar da za ki faɗa,
Mahaifiyarki,
Noelene