Shaidar da Na Rubuta wa Auta

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina sanar da ke a hukumance cewa miyar da kika aiko jiya ba gishiri. Na gane hukunci ne.

Laifina dai takardar shaidar da na rubuta wa Autarki don neman aikin jinya. Na ce tana zuwa kan lokaci, kuma ba ta ƙarya. Ke kin so in yi abin da Turawa ke kira extol, kalmar da suka aro daga Latin, asalinta ɗagawa sama: a kambama mutum har ƙafarsa ta bar ƙasa. Jarumai ake yi wa haka, da maganin da ake talla. Ni tsohon shugaban makarantarta ne, ba maroƙi ba. Ba zan sake ko harafi ba.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Gishirin daidai yake da yabon da ka yi.

Ajiye Latin ɗinka ka saurara. A asibitin nan kowace takarda cewa take ba a taɓa haihuwar irin mai ita ba. In suka ga layi biyu, sai su ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa. Shugabar ma'aikatan jinya ta dubi Auta ta ce, "Me kika yi wa kawun naki?" Yarinyar ta dawo ta shige ɗaki, ko mayafi ba ta cire ba.

In ba Auta ba, wa ya riƙa wanke gyambon ƙafar Baba safe da yamma, lokacin da kai kake tsayawa bakin ƙofa da hankici a hanci? Wannan ma talla ce? Ranar Litinin za su yanke hukunci. In ta rasa aikin nan, kada ka ƙara aiko mini da kwano.

Allah ya ƙara ilimi.
Ƙanwarka

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Na je asibitin da kaina, na yi zaman benci har aka kira ni. Na soma da ƙafar Baba, ban tsaya ba sai da shugabar ta fara duban agogo. Ta ce Auta ta zo ranar Litinin da farin takalmi ta fara aiki.

Abin haushin, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ni ne da kuskure.

A mayar da gishiri.
Yayanki