Wayar da Ka Sa a Ramin Yumɓunmu

Zuwa ga Safiyanu, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan farko da ƙasarmu ta Damargu ke jira wata tara, kuma maci amanar da ban taɓa ganin irinsa ba!

Gaisuwa ta kai maka, ko da yake ba ka cancance ta ba. Daga Ollelewa nake rubuto maka.

Ka tuna ranar da ka sauka garinmu da jakar ɗalibi da 'yan kwalabe, ka tarar da ni ina yaɓe rumbun Baba? Ka tsaya kana kallon bangon da damina uku ba ta zaizaye ba. Ni na kai ka ramin da kakata Inna Jummai ta gano. Ni na nuna maka yadda ake jiƙa ƙaro kwana biyu a kwaɓa shi da yumɓu, kamar yadda ta koya mana. Ka tsuguna kusa da ni, ka ce yumɓun nan falle-falle yake, siriri fiye da abin da ido ke gani, ƙaro kuma dogon zare ne da kuke kira polimer, yana kutsawa tsakanin fallayen ya ɗaure su, ruwa ya rasa hanya. Wallahi rabin bayanin kaɗai na ji, sauran hankalina yana kan muryarka. A wurin ka ce da ka gama jami'a za ka turo manyanka.

To ina manyan naka? Shekara biyu! Abin da ka turo mana shi ne manyan motoci da wayar ƙarfe. A rediyo na ji ka daga Damagaram kana cewa kai ka gano haɗin, a ɗakin bincike, da tunaninka. Inna Jummai tana zaune gefena tana saurare. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Yanzu kamfanin da ka kawo ya kewaye ramin da wayar, an sa mai gadi. Makon jiya ya kori Rakiya da kwandonta a ka, matar da ta dafa maka tuwo wata guda. Rumbuna goma sha ɗaya ke tsaye babu yaɓe, ga hadari ya soma haɗuwa a gabas. Geron mutane fa, Safiyanu? Ka yi tunanin geron?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yanzu in mota ta tsaya a bakin kasuwa sai gabana ya faɗi. Kaicona da wannan zuciya mara kunya!

Ka zo kafin ruwa ya sauka. Ka cire wayar nan da hannunka, ka tsaya gaban matan garinmu ka faɗi sunan wadda ta koya mana. Daga nan sai mu yi maganar ni da kai.

Manzo na Belbeji ya turo neman aurena sau biyu, na ce a ba shi haƙuri. Ba zan so wani bayanka ba har a binne ni, wannan na rantse. Amma in gero ya ruɓe a rumbunan nan, kada ka kuskura ka tako ƙofar gidanmu.

Taka, duk da halinka,
Adawiyya