Maganata ce za ta ɗaure mijina

Salamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle.

Ni 'yar Bagudo ce, ɗiyata guda, tana kan nono. Maigidana kabu-kabu yake yi. Bayan girbi ya sayi babur a Illo wurin wani mutum da ya ce daga Benin ya ƙetaro da shi. Babu takarda, amma ku da ke nan kun sani, rabin baburan garinmu haka suke shigowa.

Ranar da ya kawo shi ina goge mishi, sai na ga wurin makulli kamar an tsokale shi da ƙusa. Na ɗaga sit, sai ga takalmin yaro ƙafa guda da kwalbar maganin tari. Na ce mishi Baban Ummi, wanga babur kamar na sata, wa ke sai da abinshi ya bar takalmin ɗanshi ciki? Ya yi dariya, ya ce tsorona ya yi yawa, ko kaza ta yi tari sai na ce annoba. Ni ma na yi dariya. Ashe maƙwabciyata tana bayan zana tana shanya.

Asalin mai babur ɗin, wani manomi daga Lafagu, ya gane abinshi ranar kasuwa. Aka kama maigida, wanda ya sayar kuma ya koma ƙetare.

Lauya ya ce samun kaya a hannunshi kaɗai bai isa ba, sai an tabbatar ya sani ko yana da dalilin yin zato. Na fara samun sauƙi, sai maƙwabciyar ta faɗa wa 'yan sanda abin da ta ji. Yanzu ni ake nema kotu. Uwar mijina ta ce in musanta, wai ɗiyar kirki ba ta tona gidanta. Amma Alƙur'ani za a miƙo min. Wallahi ban san ko maigida ya yarda da maganata ba, wasa muka ɗauke ta.

In na faɗi gaskiya wa zai ciyar da mu? In na rantse kan ƙarya ina za ni? Takalmin ma yana nan ƙarƙashin gadona, na kasa jefarwa. In kai shi ko in bar shi?