Rigunan Ladi da Na Rufe wa Baya

Zuwa ga uwargidana, Hajiya 'Yar Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ne mijinki nake aiko miki da wannan takarda daga ɗakin da kika bar ni, nan Agege, bayan layin dogo. Kin san ban yi boko ba. Malam Sule maƙwabcinmu, tsohon akawu, shi ke riƙe da biro, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana ko ɗaya. Ya ce zai kai a buga mutane su karanta. Na ce ya kai, ba abin da na sata.

Shekara biyu da rabi ke nan da tafiyarki. Kin tafi a watan da soja suka miƙa mulki, ba ki ga komai ba, kuma ba ki yi asarar kallo ba. Motocin danfo na nan yadda kika san su, wuta na nan ana ɗaukewa. Sabon abu ɗaya shi ne wayar da ake sawa a aljihu. Ɗanki ya sayi tasa, yana tsaye a mayankar Oko-Oba cikin fatu yana ihu shi kaɗai kamar mai aljanu.

Ba wannan ya sa na aiko ba. Ƙara na kawo, kuma ke nake ƙara.

Takwararki Ummi ta shiga shekara bakwai. Har yau tana yawo da Ladi, 'yar tsanar nan da kika yi mata da tsumma, kika cusa mata auduga a kai har ya yi girman lemo. Gwangwanin biskit ɗinki ma yana nan ƙarƙashin gado, da rigunan Ladi goma sha ɗaya a ciki. Kullum in ta taso daga Islamiyya ɗakina take fara shigowa, ta jawo shi ta baje a tabarma. Na daɗe ina zaton wurina take zuwa. Ashe ni mai gadin gwangwani ne kawai.

Ki tuna ko ni wane ne. Shekara hamsin ina aikin babbar riga da hannu. Tun daga Zariya na sauko a jirgin ƙasa da allurai a cikin hula. Fataken goro na wannan unguwa, wane ne bai sa aska takwas ɗina ya je Idi ba? Yanzu ido ya yi rauni, samari sun koma aikin keke, ba mai kawo mini shadda. To, a cikin gidana, jikata ta ɗauki rigar da kika harhaɗa da ragowar ƙyallena ta manna a kumatu, ni kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayata abin da na iya ba.

Ranar nan da azumi ya kai goma, tana makaranta, na buɗe gwangwanin na duba aikinki da tabarau. Hajiya, sai da na kama baki. Kowace riga a buɗe take ta baya, daga wuya har ƙugu, ga wasu 'yan igiyoyi biyu suna reto. Na ce Allah sarki, ciwo ne ya hana ta ƙarasawa. Wata zuciyar kuma ta ce, ai dama haka ɗinkin mata yake. Ba zan yi miki ƙarya ba, daɗi na ji. Na ce yau yarinyar nan za ta ga bambancin gwani da mai koyo.

Kwana uku na yi a bakin ƙofa inda haske yake. Na yanke igiyoyin, na rufe bayan kowace riga da ɗinki ƙanana, irin wanda ko da farce ba a gane inda aka haɗa. Wuyan ma na zagaye shi da zaren tsamiya, ya tsuke ya yi kyau kamar na angon sarauta. Na jera su a tabarma, na zauna ina jiran yabo.

Ta zo ta ɗauki ta farko ta kai kan Ladi. Kai ya ƙi shiga. Ta ɗauki ta biyu, ya ƙi. Ta ja da ƙarfi har audugar ta fara leƙowa ta wuyan 'yar tsanar. Sai ta juya rigar, ta nemi igiyoyin ta rasa. Irin kukan da ta yi, rabona da jin sa tun ranar da aka fita da ke. Abin da take ta maimaitawa shi ne Baba Tsoho ya ɓata kayan Kaka.

Fiye da mako biyu ba ta tako ɗakina ba.

Nan ne maganarki ta dawo mini. Kin tuna lokacin da nake wucewa in gan ki da ƙyallaye a cinya, in ce wannan ɓarnar zare ce, ba ɗinki ba? Ba ki taɓa ɗaga kai ba. Cewa kike yi, "Malam, kai ido kake ɗinka wa, ni hannun yara nake ɗinka wa." Na ɗauka baƙar magana ce irin taki. Shekara nawa ina kallon rigunan nan, ban taɓa tsayawa na ga yadda yarinya ke sa su tana cirewa ba. Ni a sanina riga in an sa ta, an sa ke nan, sai a tafi masallaci. Ban san wasan duka a sawa da cirewa da ɗaure igiya yake ba.

Amma ki bari in gama ƙarata, don ba ni kaɗai ke da laifi ba.

Surukarki ta yanki atamfar Sallar Ummi, ta ɗauki ragowar ta wuce ta gaban ƙofata, ta kai wa Iya Risi ta ɗakin ƙarshe, wai ta yi wa Ladi anko. A gabana, ina zaune da allura a hula. Iya Risi kuwa ta baza tabarma a tsakar gida, tana yanka tana faɗa wa duk mai wucewa, da Hausarta mai karkata, cewa Hajiya ce ta koya mata, Hajiya ta ce a bar baya a buɗe, Hajiya ta ce igiya ta fi maɓalli don kada yaro ya haɗiye.

Yaushe kika gaya mata duk wannan? Ashe zaman da kuke yi bayan la'asar, kuna dariya rabi da Yarabanci, ilimi kike ba ta? Shekara arba'in da shida muna ɗaki ɗaya, mai sayar da ɗanwake da alale ta san sirrin hannunki, ni ban sani ba. Na san za ki ce ban tambaya ba. To, ke ma ai kin ga ba na tambaya, da sai ki faɗa da ƙarfi.

Malam Sule ya ce ai da na je na roƙi Iya Risi ta nuna mini. Na ce ya rubuta abin da aka sa shi.

Reza na saya sabuwa. Na zauna na farke ɗinkina da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, kuma kin san ɗinkina ba ya farkuwa da sauƙi. Sau biyu na yanke yatsa. Allah ya taimake ni ban zubar da igiyoyinki ba, suna cikin kwalin ashana, na mayar da kowace a ramin da allurarki ta bari. A nan na ga yadda kike yi: ki yi taku uku manya, ki koma baya ɗaya, ki ƙulle a ciki inda ba zai soki yatsa ba.

Da na gama, sai na ga wani ƙyalle a ƙasan gwangwanin, na koren zanen nan da kika sa ranar sunan Ummi. Na yanka shi. Ban sa tsamiya ba, ban yi ado ko ɗaya ba. Na yi taku manya irin naki, hannuna yana ƙaiƙayi yana so ya gyara, ina hana shi. Na bar bayan a buɗe, na sa igiya biyu, na cusa ta a tsakiyar naki, na ajiye gwangwanin a bakin ƙofa inda za ta gani.

Ranar Sallah da hantsi, na dawo daga Idi, na same ta a tabarmata. Ta sa wa Ladi ankon Iya Risi, ta cire. Ta bi naki ɗaya ɗaya tana ɗaurewa tana kwancewa. Da ta zo kan koriyar sai ta tsaya, ta shinshina ta, ta sa wa Ladi, ta ɗaure. Da ita aka yi yawon Sallah. Ankon Iya Risi a kan tabarmata ya wuni, ni kuwa ban ɗaga shi ba, na bar shi inda mai shi za ta gani in ta wuce.

Ina cikin jin daɗina sai na ji ta a tsakar gida tana nuna wa yara, tana cewa wannan Kakarta ce ta ɗinka ta ɓoye mata, sai yau ta fito.

Hajiya, na buɗe baki. Kin san ni, ban taɓa bari wani ya karɓi yabon aikina ba, na taɓa fita daga shagon maigidana a kan haka. Na buɗe baki, na dubi fuskarta, na rufe.

Kin sake cinye ni, kina kwance. Na yi aikin, kin karɓi sunan. Na bar miki. Yanzu kullum tana ɗakina, ta ce in bincika ko kin ɓoye wata. Akwai ragowar ɗankwalinki mai ruwan goro, na riga na yanka. Sai dai ki sani, kalmasar tawa ta fi taki miƙewa, ko a gaban wa zan faɗa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya yafe miki, ya yafe mini dariyar da na yi wa ɗinkinki. Allah ya raya takwararki, ya bar mini sauran idon nan har in gama abin da ke cikin gwangwani. Ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ne mijinki, mai gadin gwangwaninki,
Malam Ɗanjuma Maiallura, Agege.