Keken Kaka ya tashi

Gwaggo Mariyama,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Damagaram? Ya ƙafarki, ya yara? Mu lafiya lau.

Ban faɗa wa kowa ba: keken ɗinkin marigayiya Kaka ya tashi. Ashe man gyaɗar da Inna take ɗiga masa ne ya haɗu da rairayi ya daskare. Na wanke shi da kananzir. Har na fara haɗa ƙyallayen zannuwan Kaka, zan yi abin rufa.

Baba yana ganin keken ya mutu, ya kira mai sayen tsoffin ƙarafa ranar Lahadi. Kin san ba na iya magana gabansa. Idan mutumin ya zo, zai tarar da ni a zaure ina ɗinki.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Kawu.

'Yarki,
Fatima