Inna, Ammu Abdurrahim Ya Cinye Gurasarsa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara. Bayan sallama irin ta Musulunci da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, 'yarki Safiya ce daga gidanmu na unguwar Tandabawi a nan Makka, da labarin da na san kin tafi kina jira.

Kin tuna Ammu Abdurrahim, mutumin birnin Buhara mai tanderun gurasa a bakin lungunmu. Ke kaɗai ya taɓa faɗa wa yadda ya baro gida, shekarar da 'yan gurguzu suka rufe masallatansu suna kwashe malamai. A al'adarsu matafiyi yakan gatsi gurasa, a rataye ragowar a bango har ya dawo ya ƙarasa. Ya gatsa, tsohuwarsa ta rataye, ya tsallake iyaka. Ya yi furfura a Makka bai san tana raye ko ta rasu ba. Aika saƙo kuwa, ya ce, tamkar nuna wa hukuma ƙofar gidansu ne.

Sai shekarar da shugaban 'yan gurguzun ya mutu, aka bar 'yan tsirarun alhazan ƙasarsu suka zo, da mai gadin da hukuma ta haɗa su da shi. Ammu ya hango ƙaninsa a ƙofar Harami, ya kau da kai. Ya iso wurinki. Ya ce kallo ɗaya in ya yi yawa, ƙanin ba zai kwana a gidansa ba in sun koma.

Ranar Arfa ya gasa gurasa ya buga mata tambarin gidansu, furen da tsohuwarsu ke bugawa. Ya roƙe ki ki kai tantin alhazan a matsayin sadaka, kada ki buɗe baki. Ke fa, Inna! Ke da ko akuyar maƙwabta sai kin tambaye ta kwana.

Ni na ɗauki faifan, na bi ki. Mai gadin ya tare ƙofa, haraminsa sabo fil, idonsa kamar na mai awon hatsi. Sai na ji kin ɓare baki da Hausa. Kika tambaye shi gajiya, kika tambaye shi gida, da yara, da rana, da hanya, kika koma kan gajiya. Na ce a raina shi ke nan, kin kashe mutum. Shi kuwa ya rasa yadda zai yi da tsohuwar da ba ya jin yarenta, yana kora kina ƙara matsowa.

A bayansa wani dattijo, ashe ƙanin Ammu ne, ya ɗauki gurasar, ya ga furen. Bai ɗago ba. Ya laluba jakar wuyansa, ya ajiye wani ƙunshi a faifaina, ya juya mana baya.

Guntun gurasa ne, ya bushe kamar dutse, da shaidar haƙora a gefe. Ammu na gani ya zauna a ƙasa. Ya ce muddin tsohuwarsa na numfashi ba mai sauke shi daga bango. Nan muka gane ta rasu.

Bai ci ba, kin sani. Ya rataye a shagonsa, wai sai a Buhara zai ƙarasa. Kowace shekara yana tsayawa a ƙofar Harami yana duba alhazansu. Ƙanin bai sake zuwa ba, kuma har yau ba mu san ko wani ya ga abin da ya sa a faifan ba. Wannan tsoron bai bar ni ba, Inna.

Bana ma alhazai sun watse babu shi. Ranar Juma'a Ammu ya kira ni, ya sauke guntun, ya jiƙa da zamzam. Haƙoransa sun zube, da dasashi ya ci, ina zaune ina kuka har ya gama.

Allah Ya jiƙan ki, Ya tsare ƙanin nan in yana raye, Ya sa ke da tsohuwar Ammu ku yi maƙwabtaka a Aljanna. Na san ke za ki fara gaishe ta. In kin gama tambayarta gajiya, ki ce mata ɗanta ya cinye.

Taki har kullum,
Safiya