Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta ga fuskar yayarta ba, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki ƙarfin tsayuwa a kan marasa lafiyarki, ya sa aikin ya zama na lada. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har ya fara musun cewa ta taɓa ciwo. Inna tana nan tana kama shi da ƙwayoyin maganin da yake ɓoyewa a aljihu. Auta ta gama jarrabawa, ta ce ta yi ƙoƙari, mu dai mun ce Allah ya sa malaman su ma su ga haka.

Kin ce muryata ta canza a waya, na ce miki gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Kin san kamfaninmu manhaja yake rubuta wa ƙananan asibitoci, wadda ke tura wa mutane saƙo ta tuna musu ranar komawa ganin likita. Wata uku da suka wuce aka haɗa mu da abubuwa biyu. Na farko mataimaki ne a cikin kwamfuta, irin mai basirar nan da ake yi wa magana ya amsa. Da safe ya jera mini ayyukan ranar, ya rubuta mini rabin abin da zan rubuta, ƙarfe biyar na yamma ya tura wa Oga bayanin abin da na yi. Na biyun ba ya magana, kallo kawai yake yi: wane fayil na buɗe, minti nawa na yi a kai, yaushe hannuna ya bar linzamin kwamfuta. In kina dannawa, layinki kore ne a allon Oga. In kin yi shiru minti biyar, ya koma ja. Magulmaci muke ce masa a ofis, amma ƙasa-ƙasa, kamar yana ji.

Ke kin san yadda nake aiki tun jami'a. In abu ya ɗaure mini kai sai na tashi, na tsaya bakin taga da biro da takarda har ya warware. To Magulmaci bai san tunani ba. A wurinsa mace mai tunani da mace mai barci duk ja ne. Oga ya kira ni, ya ce shi ba ya shakkar aikina, amma na sama allo suke kallo, kuma cikin mu tara za a sallami biyu a ƙarshen shekara. Maƙwabcin teburina kuwa yana motsa linzami da gwiwar hannu yana kallon ƙwallo a waya, layinsa kore shar, har an yaba masa a taro.

Sai ni ma na koyi darasi, na daina zuwa taga. Ƙa'idarmu ita ce duk abin da mataimakin ya rubuta, sai mutum ya karanta ya danna alamar cewa ya duba. Wata Laraba ya rubuta mini ɓangaren da ke lissafin ranaku, ya ƙara a ƙasa cewa ba shi da tabbas a kan watanni masu kwana talatin da ɗaya, in gwada tukuna. Na ga rubutun, Yaya, ba zan ce ban gani ba. Ayyuka bakwai suna jirana, layina kore kamar na mutanen kirki, sai na danna na wuce.

Jiya ina wani aiki daban na gano cewa duk wanda ranarsa ta faɗo talatin da ɗaya ga wata, saƙo bai je masa ba. Mutum sittin da uku. Babu wanda ya sani sai ni. Na leƙa abin da Magulmaci ya ajiye na waccan Larabar: daƙiƙa arba'in da ɗaya na yi a kan fayil ɗin. Ko takalmi ina fin haka kafin in zaɓa.

In na yi shiru, wataƙila a yi watanni ba a gane ba, wasu kuma su sake rasa saƙo. In na gyara, zai shiga bayanin yamma. Na zauna awa guda ina kallon bango, layina ja wur, karo na farko da ya faɗi gaskiya. Yau da safe na gyara, na sake tura saƙonnin. Sannan na roƙi mataimakin ya bar maganar kada ya sa ta. Ya amsa cikin ladabi cewa zai rubuta ni na gano kuma ni na gyara, amma ba zai cire cewa saƙonni sun ɓace ba, don asibitocin suna bukatar su sani su nemi mutanen. Digiri biyu gare ni, Yaya, ga inji yana maimaita mini tarbiyyar da Inna ta gama da ita ina shekara bakwai.

Na yanke shawarar shiga wurin Oga ƙarfe huɗu, ya ji daga bakina. Ina rubuto miki a ɗakin cin abinci na ofis, kwanona ko buɗe shi ban yi ba. Aikin zai iya tafiya. In ya tafi, kada ki gaya wa Baba, ni zan nemi ranar da gwiwa da zuciya suke lafiya in faɗa masa.

Amma ba aikin ne ya hana ni ci ba. Ni lambobi kawai nake gani, ke kuwa kin san fuskokin irin waɗannan mutanen: mai ciki wata takwas, tsoho mai hawan jini da ba ya riƙe kwanan wata sai waya ta yi ƙara. Yau kwana tara ke nan da ranar tasu ta wuce. Kwana tara yana iya yin me? Ki gaya mini yadda kike gaya wa likita, ba yadda kike lallashin dangi a baranda ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da ɗanki Sarkin Surutu, da 'yan biyu, ki ce ban manta da su ba. Inna da Auta suna gaisuwa. Ki sa ni a addu'a, ki sa mutum sittin da ukun nan kafin ni. Huɗu saura kwata, bari in tashi.

Ƙanwarki,
Mai Tabarau